Rijiyar da Aka Ba Ni Ba Tawa Ba Ce

Zuwa ga Kumandan mai riƙe da ƙasar Damargu, a barikin Tanut.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da dokinka da mutanenka, da fatan kuma zafin bana bai fi ƙarfin hularka ba. Bayan haka:

Ni ne Malam Ilu, mai karantar da manya da rubuta wa mutane wasiƙa a Tudun Aduwa, ƙauyen nan da ke tsakanin Belbeji da Tarka. Za ka gane ni idan ka tuna da wani dogon mutum mai furfura a gemu, wanda ka tsayar a bakin rijiya lokacin rangadinka na bayan kaka, ka yi masa tambaya ɗaya tak, ya tsaya yana motsa baki kamar raƙumi mai tuƙa, ba abin da ya fito. To, ni ne. Yau na zo da amsar, ko da yake ta makara.

Na rubuta takardar nan da ajami har guda uku. Ɗaya tafinta zai juya maka, ɗaya za a karanta a bainar jama'a ran kasuwar Belbeji, ɗaya kuma za a kai Tarka, wurin wadda maganar ta fi shafa. Na faɗi haka tun farko don kada tafinta ya ga tsawonta ya taƙaita maka ita zuwa "yana gaishe ka", kamar yadda na ji yakan yi idan rana ta take.

Na san masu zuwa barikinka da kuka duk an ƙwace musu wani abu ne: wannan jakinsa, wancan gonarsa. Ni nawa kukan daban ne. Ni ba ni aka yi. Ka ba ni rijiya, ranka ya daɗe, rijiya mai zurfi mai ruwan daɗi, kuma tun ranar ban sake cin tuwo mai kyau ba. Ina roƙo ka karɓi kyautarka. Ga dalilaina.

Na farko: rijiyar tana da mai ita.

Kakar matata, Yagana, 'yar Barebari ce mai sayar da gero ga ayarin Abzinawa, tun zamanin da ba a taɓa ganin farin mutum a Damargu ba sai Larabawan Tarabulus. Da ribar geron nan ta ɗauko magina rijiya, ta ciyar da su, ta sallame su. Mijinta yana nan da ransa a lokacin, an ce mutumin kirki ne, kuma abin da ya sa a aikin bai wuce addu'a ba. Kafin ta rasu ta ba 'yarta rijiyar kyauta a gaban alƙali da shaidu, don kada rabon gado ya yayyaga ta. 'Yar ita ma ta yi haka ga tata 'yar, wato matata. Ba malamin da ya taɓa cewa an saɓa wa shari'a, domin ba a saɓa ba. Ka tambayi makiyayin da ka ga dama daga nan har Ollelewa, Bafillace ko Ba'abzine, zai ce maka Rijiyar Yagana, zai kuma gaya maka wadda ke riƙe da ita yau.

Akwai kuma al'adar da Yagana ta kafa, wadda ita ce ran maganar. Kowace safiya mai rijiya ita ke jan gugan farko da hannunta, ta yi bisimilla, ta zuba a ƙaramin komi. Ruwan nan na awakin matan da ba su da namiji a gida ne, gwauraye da tsofaffi. Sai mata su cika tulunansu ruwa yana garau. Bayan sun watse ne ake ɗaura wa takarkari babban guga, shanu da raƙuma su shigo su yi ta turmutsitsinsu har la'asar. Masu manyan dabbobi ba sa biyan komai sai fatar guga idan ta tsufa, da kuma hannu ranar yasar rijiya. Haka abin yake tun kafin a haife ni, kuma ban taɓa jin saniyar da ta mutu saboda ta jira akuya ba.

Na biyu: abin da ya faru ranar da ka zo.

Ka sauka, ka sha ruwan, ka yaba. Ka ce daga yau kowace rijiya sai an san mai ita, don a san wanda za a kama idan ta rufta. Wannan ba laifi. Gardinka ya ɗaga bulala ya ce kowa ya yi shiru. Maigari ya nuna ni, domin gidana ne ke kusa, kuma ni ne mai rawani mafi tsabta. Ka dube ni ka ce in faɗi sunan mai rijiya.

A nan ne ƙasa ta ƙi buɗewa in shige. Ranka ya daɗe, a wurinmu mutum ba ya kiran sunan uwargidansa. Shekara ashirin da wani abu muna tare, sunan nan bai taɓa ratsa haƙorana ba. A gida "ke" nake cewa, ko in yi gyaran murya, ta san da ita nake. A waje "mutanen gida" nake cewa, kamar su goma ne. Ba ni ma da ikon in ce "uwar wance", domin sunan 'yar fari shi ma ba a faɗinsa. Ba raini ba ne, girmamawa ce, irin wadda ku kuke yi da cire hula. Ka ce in faɗi sunan a gaban gari duka, har da surukaina biyu da suka zo shayar da shanu. Da ka ce in tuɓe riga in yi rawa da ya fi mini sauƙi.

Sai na yi abin da kowane mai kunya zai yi: na nuna ta da haɓa. Tana can zaune cikin mata, ta juya baya kamar yadda mace mai mutunci take yi a gaban baƙo. Ta aiko wata gwauruwa, tsohuwa Gambo, ta faɗa maka, gardi ya kore ta tun ba ta ƙaraso ba. Tafinta ya gane, kuma zan yi masa adalci, ya gaya maka cewa ta matar mutumin nan ce. Na san ya gaya maka, domin na tsinci kalmar "mata" cikin harshenku, ina da ɗan abin da na sani. Sai ka yi murmushi, ka ce matar aure ba ta riƙe rijiya, abin mace yana hannun mijinta, haka tsari yake a ƙasashen da suka waye. Ka dafa kafaɗata, ka ce ga mai rijiya.

Daga nan ka yi mana jawabi, kana tsaye a inuwa muna zaune a rana. Ka ce ƙasarku ta daɗe cikin duhu, har wani zamani ya zo da kuke kira zamanin haske, masana suka ce a daina bin abu don an gaje shi, a auna komai da hankali. Ka ce hasken nan ne kuka kawo mana, kuma matanmu, waɗanda addini da al'ada suka danne, su ne za su fi kowa moriyarsa. Tafinta ya juya, mata suka ji. Tsohuwa Gambo ta ce da ta kusa da ita, da muryar da take zaton raɗa ce: "Yau kam mun mora."

Na uku: abin da ya biyo baya.

Washegari na fito na tarar da shanun Jauro Bello, babban makiyayan nan, da raƙuman mutanen arewa sun kewaye rijiya tun kafin rana ta ɗago, awaki suna can gefe suna kallo. Na ce wannan fa? Jauro ya ce: "Malam, ai rijiyar maza ce yanzu. Gugan farko al'adar mata ce, kuma Kumandan ya ce a bar al'ada a bi hankali. Hankali kuwa ya ce saniya ta fi akuya." Ka ji yadda karatunka ya shiga mutane cikin kwana ɗaya. Ni shekara da shekaru ina fama da su a kan alwala, har yau wasu suna mance shafar kai.

Na ce ni ne mai rijiya, na umarta a koma yadda ake. Suka ce to, Malam, ja gugan farkon mu gani. Na ja. Ban ce zan ɓoye maka komai ba: igiyar ta goge mini tafin hannu, gugan ya zo bakin rijiya ya juye mini a riga, makiyaya suka yi ta salati don kada a ce dariya suke. Umurnin mutumin da rigarsa ke ɗiga ba ya zuwa da nisa.

Tun ranar mata ba sa samun ruwa sai rana ta raba, bayan an dama shi ya koma kamar kunu. Tsohuwa Gambo tana da awaki uku, da nononsu take rayuwa, ɗaya ta riga ta ƙafe. Matar da ke da goyo sai ta zaɓa: ko ta tsaya cikin rana da yaro a baya, ko ta shiga tsakanin ƙahonin shanu. An riga an ture ɗaya, tulunta ya fashe, Allah ya kiyaye ƙafarta. Ga bazara tana tafe, lokacin yasa, kuma waɗanda suka saba shiga rijiyar sun ce su da jikar Yagana suka yi alkawari, ba su san wani Malam ba.

Ƙanena Sale, wanda rabonsa da gidana tun sunan autarmu, yanzu kullum yana tafe gaishe ni. Yakan tambayi lafiyata da kulawar da ban san shi da ita ba. Idan na yi tari sai ya leƙa rijiya. Ya riga ya tambayi wani malami nawa ne rabon ɗan'uwa idan mutum ya mutu ya bar 'ya'ya mata kaɗai, kuma ni 'ya'yana duka mata ne. Ka gani, ranka ya daɗe, da kalma ɗaya ka fitar da rijiya daga gidan da ya gina ta, ka kai ta gidanmu, mu da ba mu taɓa haƙa ko ramin shuka mai kyau ba.

Ita kuwa mai rijiyar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Kwana biyu tana kawo mini abinci tana durƙusawa tana cewa: "Ga tuwo, mai rijiya. A ƙara miya, mai rijiya?" A rana ta uku ta naɗe igiyar kakarta, ta ɗaura wa jaki kaya, ta nufi gidan yayarta a Tarka. Na bi ta har bakin gari ina ba da haƙuri, ina cewa ai ba ni na yi ba, Nasara ne. Ta ce: "Nasara baƙo ne, bai san sunana ba. Kai fa?" Na ce kin san kunya ce. Ta ce: "Na sani. Kunyarka ta sha ruwa, awakin Gambo ba su sha ba. Bakin da ya yar da sunan shi zai tsinto shi." Ta kaɗa jakinta. Na aika dattawa biko har sun gaji, amsarta ɗaya ce. Yanzu 'yar maƙwabta ke dafa mini, yarinya mai kyakkyawar niyya da mugun hannu.

Na huɗu: maganar haske da hankali.

A nan ina neman izini in ɗan shimfiɗa tabarma, domin wannan fagena ne, ba kamar guga ba. Na yi karatu a Damagaram da Katsina, na yi wa madugai rubutu har Gat can cikin hamada, na zauna da mutanen da ke karanta jaridun Masar. Kuma a Damagaram na yi abota da wani tafinta mutumin Ndar, wani gari can yamma a bakin teku, ina koya masa nahawun Larabci, shi kuma yana karanta mini littattafan lakwal ɗinku, wato makarantarku, yana juya mini. Saboda haka labarin zamanin haskenku ba a bakinka na fara jin sa ba.

Kuma ya burge ni, ba zan yi ƙarya ba. Mutanen da suka tashi suka ce sarki ba zai ɗaure mutum don ya ga dama ba, limamin coci ba zai hana tambaya ba, kowace magana sai ta zo da hujjarta: waɗannan da na same su da na ba su goro. Malamanmu na tauhidi ma sun daɗe suna cewa wanda ya yi imani don kawai ya ji ana faɗa, bai taɓa sa hankalinsa ba, imaninsa da sauran gyara. Saboda haka da ka ce hankali, ban ji tsoro ba. Tsohon maƙwabci ne.

Amma abokin nan nawa bai tsaya inda ka tsaya ba. Ya ce da mutanenku suka tuɓe sarkinsu, suka zauna suka rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam, aka yi ta murna. Sai wata mata a birninku ta duba rubutun sama da ƙasa, ba ta ga kanta a ciki ba, ta ɗauki alƙalami ta rubuta na mata. Na ce madalla, me aka ba ta? Ya ce daga baya an sare mata kai. Ya ce wai a kan wata magana ce daban ta mulki. Na ce to, ko ma a kan mene ne, an dai rage masu tambaya. Ya ce wasu daga cikin manyan masu hasken nan, waɗanda suka auna sarki da coci a ma'auni suka ga ba su cika ba, da aka zo kan mace sai suka ajiye ma'aunin suka ce halittarta ce ta zauna ta faranta wa miji. Wato abin da kakanninsu na zamanin duhu suke faɗa, sai dai su sun faɗe shi da fitila a hannu. Ya kuma ce akwai 'yan kaɗan a cikinsu da suka ce a'a, hankali ba shi da gemu, a ba mata karatu da murya. Waɗannan ba a bi su ba.

Kuma ya gaya mini cewa har yau ɗin nan, shekara ɗari da ɗoriya bayan hasken, mace a Faransi ba ta jefa ƙuri'a, matar aure kuma ba ta sayar da gonar da ta gada sai miji ya sa hannu. Idan ƙarya ya yi mini, ka gyara mini, zan karanta gyaran a kasuwa da bakina. Idan gaskiya ne, to abin da ka yi a bakin rijiyarmu ba hankali ba ne. Al'adar garinku ce, ka ɗauko ta a jirgin ruwa, ka ɗora wa raƙumi, ka kawo ta har Damargu, ka sauke a kan matata. Ba na zarginka da son al'adar garinku, kowa yana son tasa. Ni ma tawa ce ta ɗaure mini baki. Bambancinmu, ni na san sunan tawa al'ada.

Ga tambayar da nake so ka auna da ma'aunin nan naku. Rijiya tana buƙatar mai ita ya san lokacin yasa, ya raba faɗan makiyaya, ya sa a ji maganarsa. Mata uku sun yi haka bi da bi, ba ta rufta ba, ba a zubar da jini a bakinta ba. Namiji ɗaya ya riƙe ta wata huɗu, ga inda muke. Wace hujja ce ta rage, ban da cewa ni ina da gemu? Bunsurun tsohuwa Gambo ma yana da shi.

Na biyar: maganar addini, tunda ka taɓo shi.

Ka ce addininmu ya danne mata. A littattafan fiƙihun da na karanta, dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji. Sadakinta nata, gadonta nata, cinikinta nata. Idan na ci bashin matata, alƙali zai sa in biya, kuma zai yi hakan da jin daɗi, domin ba ma shiri. Sa'an nan shari'a ba ta ɗora wa kowa salla da azumi sai mai hankali, kuma ta ɗora wa mace. Ranar da za a tambaye ta a kabari ba za a ce ina mijinki ya amsa miki ba. Wadda aka yarda hankalinta ya isa ta tsaya ita kaɗai gaban Ubangijinta, ban ga yadda zai kasa isa ta tsaya gaban Kumandan ba, duk da girman Kumandan.

Kada ka ce na wanke mutanena. Ban wanke su ba, kuma tunda a kasuwa za a karanta wannan, bari su ji. Akwai masu rawani a ƙasar nan da suka san rabon mace a gado sarai, amma idan an zo gona sai su ce ai ita tana gidan miji, me za ta yi da ƙasa, a ba ta ƙwarya da tabarma. Akwai masu hana 'ya'yansu mata karatu, sa'an nan su juyo su ce mata jahilai ne. Alhali a ƙasar Sakkwato an yi mata malamai masu tsara waƙoƙin karantarwa, uwata ma ta haddace wasu tana rera su a bakin turmi. Da ka zo ka ce mana ku ji kunya, littafinku ya ba mata abu kun hana su, da na tashi na tsaya a bayanka, ko da a rana ne. Amma ka zo wurin da aka yi daidai, wuri ɗaya da mace ke riƙe da abinta ba mai gardama, nan ka gyara. Mutanen da suka daɗe suna jin haushin jiran akuya, addini bai ba su hanya ba, al'ada ba ta ba su ba, sai ga haske ya ba su. Jauro Bello bai taɓa son Nasara ba sai bana.

Saboda haka ga roƙona.

Ɗaya, ka dawo Tudun Aduwa kafin lokacin yasa, ko ka aiko wanda za a ji maganarsa, a faɗa a bakin rijiya, inda aka yi ɓarnar, cewa ta koma hannun mai ita. Na ji ana cewa manyanku suna shirin kwashe kaya daga Damagaram su koma Yamai, na san kuna da abin yi. Amma wannan aikin bai fi shan ruwan doki ba.

Biyu, idan ka zo, ka tambaye ta ita da kanta. Za ta juya maka baya, kada ka ɗauka tsoro ne. Ni da nake ganin bayan nan shekara ashirin ina tabbatar maka ba tsoro a cikinsa. Ka sa gardi ya rataye bulalarsa, ka bar tsohuwa Gambo ta ƙaraso. Kuma ka zo da haƙuri, domin idan ta fara ba tafinta ɗaya za ka buƙata ba.

Uku, ka bar gugan farko yadda yake. Idan kana so ka auna shi da hankali, bismilla: mai ƙaramin ƙarfi ya sha kafin mai babba, domin mai babba yana iya jira. Ina jin ko masanan nan naku da sun amince, aƙalla 'yan kaɗan ɗin nan da ba a bi ba.

Huɗu, kafin ka shiga wani ƙauyen ka raba wa maza abin matansu, ka tambaya tukuna. A ƙasar nan akwai mata masu raƙuma, masu rumbuna, masu garken tumaki. Idan ka bi su duka da irin alherin da ka yi mini, ba za a sami gidan da ake dafa tuwo ba daga nan har Abzin.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Ka yi mini tambaya a bakin rijiya ban amsa ba. Na daɗe ina juya abin. Na duba littattafaina ko zan sami inda aka hana mutum faɗin sunan matarsa, ban samu ba, al'ada ce kawai, kyakkyawa kuwa, kuma ina sonta. Amma ba zan ce ka sauke taka in ci gaba da rungume tawa ba, alhali awaki suna ƙafewa. Na san mai karanta wannan a kasuwar Belbeji zai so ya ɗaga murya daidai nan, na san surukaina za su sunkuyar da kai, na san Sale zai yi ta ba da labari har ya tsufa. Na kuma ce wa mai kai takarda Tarka ya gaya mata cewa ba rubutu kaɗai ba ne: ran kasuwa zan tsaya kusa da mai karatu, idan ya iso wurin ya yi shiru, ni in faɗa da bakina.

Ka sa tafinta ya gyara alƙalami, ranka ya daɗe, ya rubuta da kyau, domin ba lalle in iya maimaitawa ba.

Mai rijiyar Tudun Aduwa sunanta Habsatu. Habsatu 'yar Mariyama, 'yar Yagana.

Ga shi na faɗa, rufin ɗaki bai faɗo ba, sai dai gumi.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama aikinka a ƙasar nan ba ka ɗauki alhakin kowa ba, ya mayar da kai gida ka tarar da iyalinka lafiya. Idan kana da mata a can, ka gaishe ta, Allah ya ba ta ikon sayar da gonarta. Allah ya ƙara mana haske, mu da ku, irin wanda ke kaiwa har bakin komin awaki.

Ke kuma da ke Tarka, kin ji. A taho da igiyar.

Wassalam.

Malam Ilu,
mijin mai rijiya,
Tudun Aduwa, ƙasar Damargu.